Danshin bayan rigar mai feshi

Daga tsakiyar damina har lokacin da wake ke fure, wanda ya bi hanyoyin gonakin Mandera da ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari da hantsi ba zai rasa cin karo da masu feshi suna komawa gida ba. Inji goye a baya, sandar feshi a hannu, silifa a ƙafa. Idan sun wuce ka, waiwaya ka dubi bayan rigarsu. A jiƙe take sharkaf daga kafaɗa har ƙugu, wani lokaci har wando. Za ka ce gumi ne, kuma akwai gumin, domin goyon ruwa lita 16 a ranar ƙasar Sakkwato jan aiki ne. Amma matsa kusa ka ji wari. Robar murfin tanki ta cinye, tiyo ya tsage an ɗaure shi da leda, duk takun da mutum ya yi maganin na fallatsa yana bin gadon baya. Da rigar nan zai ci abinci, da ita zai ɗauki ƙaramin da ya rugo tarbarsa, wataƙila gobe ma ita zai mayar.

Galibi kuma ba mai gonar ne ke goyon injin ba. Ɗansa ne, ko ƙanensa, ko wani saurayi da ya mai da feshi sana'a ana biyansa kan kowane tanki. Dattijo bayansa ya gaji, yaro kuwa da sauran ƙarfinsa. Idan ka tsayar da shi ka ce, "Samari, ina safar hannu, ina takunkumi?" sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, mu mun saba, ba ya yi muna komi." A iya abin da ido ke gani, gaskiyarsa ce. Ga shi nan tsaye garau.

Sai dai fata tana sha, kuma ba daidai take sha a ko'ina ba. Tun a 1971 wasu likitocin fata a jihar Kalifoniya ta Amurka suka ɗiga maganin ƙwari a sassa daban-daban na jikin mutanen da suka amince a yi gwajin da su, sannan suka auna abin da ya shiga jiki. A sangalin hannu abin da ya shiga bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A goshi ya haura kashi 30. A fatar maraina kuwa, a gafarce ni, kusan duka ya shige. Yanzu a tuna inda ruwan da ya bi gadon baya yake tsayawa, cikin wandon da ya jiƙe da gumi, a rana mai zafi, na tsawon sa'o'i.

Illar da kowa ya sani ita ce ta nan take: jiri, tashin zuciya, dalalar miyau, jan ido, ƙaiƙayi. Idan haka ta faru sai a ce a ba mai feshin nono ko manja, ya kwanta a inuwa. Nono abinci ne mai kyau, amma ba ya wanke guba daga jini, kuma wanda ya galabaita asibiti ya kamata a kai shi tare da robar maganin. Abin da ya dame ni wata illar ce, wadda ba ta sa jiri, ba ta kwantar da mutum, ba ta hana shi cin tuwo. Sai bayan shekaru take bayyana, kuma idan ta bayyana, a jikin wata ake nemanta.

Mun san yadda abin yake a gidajenmu. An ɗaura aure, shekara ta zagayo, ta biyu ta bi, shiru. Ko kuwa ciki ya shiga ya zube, ya sake shiga ya sake zubewa. Ido kan amarya yake komawa. Ita za a yi wa rubutu, ita za ta sha sassaƙe da jiƙe-jiƙe, ita za ta haɗiye habaici a gidan suna, har ranar da uwar miji za ta kira ɗanta ta ce ya ƙara aure. Da wuya ka ji an tambayi mijin me yake taɓawa da hannunsa, me yake shaƙa a wurin neman abincinsa. Alhali likitoci sun daɗe da gano cewa cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai matsala daga wajen namiji, ko ita kaɗai ko tare da ta matar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da wannan jarrabawa a wani lokaci na rayuwarsa. Haihuwa kyauta ce ta Allah, babu mai ja. Shi ne kuma Ya sanya wa abubuwa sababi, Ya ba mu hankalin bin sawunsa.

Wasu leburori ne suka fara buɗe wa duniya ido a kan wannan. A 1977, a garin Lathrop na Kalifoniya, ma'aikatan sashen haɗa magungunan gona na kamfanin Occidental suka lura a hirarsu ta lokacin cin abinci cewa an daɗe babu wanda matarsa ta haihu a cikinsu. Suka nemi a duba su. Likita Donald Whorton ya gwada maniyyin mutum 25, ya tarar 14 ko dai babu ƙwayoyin haihuwa sam, ko sun ragu ƙwarai. Maganin da suke aiki da shi, DBCP, na kashe tsutsotsin ƙasa masu cin saiwa ne, kuma tun 1961 aka wallafa cewa yana ƙanƙantar da marainan ɓeraye. Abin da nake so mazajenmu su riƙe a nan shi ne, mutanen nan ba su kwanta ciwo ba, mu'amalarsu da iyalinsu kuma ba ta ragu ba. Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Don haka maganin maza na bakin kasuwa ba ya taɓa wannan matsala ko kaɗan.

Amurka ta hana DBCP a 1979, amma aka ci gaba da amfani da shi a gonakin ayaba na ƙasashe irin su Nikaragua da Filifin da Kodebuwa, dubban leburori suka shafe shekaru suna shari'a a kan haihuwar da suka rasa. Haka kasuwar nan take: abin da aka kora daga ƙasar masu kuɗi yakan sami hanya ya sauka a shagon talaka. Tarayyar Turai ta hana maganin ciyawa na paraquat a 2007, mu kuwa muka ci gaba da saye shekara da shekaru. Magungunan ƙwarin da muke fesa wa wake da albasa, da wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, da yawansu daga gida ɗaya suka fito, gidan da masana ke kira oganofosfet. A 2023 masu bincike a Amurka suka tattara sakamakon gwaje-gwajen maza fiye da 1,700 daga ƙasashe daban-daban, suka ga waɗanda suka fi cuɗanya da irin waɗannan magunguna sun fi ƙarancin ƙwayoyin haihuwa.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane saurayi mai shirin aure ya sani. Jikin namiji yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya gama ƙera ƙwayar haihuwa, sannan ta ƙara wasu kwanaki tana nuna. Wato abin da namiji ke ɗauke da shi yau, wata biyu da rabi zuwa uku da suka wuce aka fara gininsa. To yaushe muke bukukuwa? Bayan kaka, in an sayar da amfani an sami kuɗi. Yaushe ake tsananta feshin wake? Ƙarshen damina. Saurayin da ya yi ta goyon inji a watan Satumba da Oktoba don ya tara kuɗin sadaki da lefe, shi ne angon Disamba. A cikin wannan lissafi akwai sauƙi kuma: tunda jiki kullum sabunta ƙwayoyin yake yi, mutane da dama sukan farfaɗo idan suka nisanci gubar na wasu watanni. Waɗanda suka daɗe a cikinta, kamar wasu daga cikin mutanen Lathrop, ba su farfaɗo ba har abada.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Italiya ne. Ranar 10 ga Yuli 1976 masana'antar sinadarai ta ICMESA ta yi aman hayaƙi mai guba da ake kira dayoksin a kan garin Seveso, arewa da Milan. Dabbobi suka mutu, fuskokin yara suka feso da ƙuraje. Wani likita, Paolo Mocarelli, ya adana jinin da aka ɗiba daga mutanen garin a cikin sanyi, aka yi ta bibiyarsu shekaru. Daga Afrilu 1977 zuwa Disamba 1984, a unguwar da gubar ta fi sauka an haifi yara 74: mata 48, maza 26. A ko'ina a duniya kuwa haihuwar maza kan ɗan rinjayi ta mata kaɗan. Kada a yi mini mummunar fahimta, 'ya mace alheri ce kuma rahama ce a gida. Muhimmancin alƙaluman shi ne sun nuna gubar ta isa har inda ake ƙera zuriya. Da aka zurfafa bincike, a shekarar 2000 aka wallafa cewa abin yana bin yawan gubar da ke jinin uba ne, ba na uwa ba, kuma ya fi ƙarfi ga mazan da ba su kai shekara 19 ba lokacin da hayaƙin ya sauka, ko da sai bayan shekaru masu yawa suka yi aure. Waɗanda suke ƙananan yara a lokacin, da aka gwada su bayan shekara 22, an sami ƙwayoyinsu sun ragu kuma ba su da kuzari.

Wannan ya sa raina ke ɓaci idan na ga ɗan shekara 14 ko 15 da inji a baya. A shekarun nan ne jikinsa ke shimfiɗa harsashin haihuwarsa ta gaba. Uban da ya ɗora masa injin yana ƙaunarsa, shi yake ciyar da shi, shi zai yi masa aure. Bai san cewa cikin mutanen gidan, yaron nan da mace mai ciki su ne suka fi cancantar a nisanta da tankin ba. Kuma dayoksin ba ta Italiya kaɗai ba ce. Duk inda aka ƙona roba da wayar lantarki da tarin bola, danginta na fita a hayaƙin, ko da bai kai na Seveso yawa ba. Su wa ke tsaye a kan wutar 'yan jari-bola, su wa ke babbakar ƙafa da kai da tsohuwar taya? Samari ne.

Saura batun jikoki, wanda shi ne ya fi wuyar shiga kunne. Ta yaya abin da kaka ya shaƙa zai isa ga jikan da bai taɓa ganin maganin ba? Wanda ya yi karatun allo ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san cewa baƙi yana nan yadda yake, amma idan aka sauya wasalin da ke kansa, karatu ya sauya. Ƙwayoyin gadon da uba ke miƙa wa ɗansa su ma suna da wasu 'yan alamomi a kansu, masu nuna wa jiki wanne zai karanta da ƙarfi, wanne zai yi shiru a kansa. Guba tana iya barin baƙaƙen lafiya lau ta taɓa alamomin. Yawancinsu jiki yakan goge su ya sake sabbi a farkon shigar ciki, amma wasu sukan tsallake.

A 2005 Michael Skinner da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Washington suka ba ɓeraye masu ciki wani maganin gona mai suna vinclozolin. 'Ya'ya mazan da aka haifa suka taso da raunin ƙwayoyin haihuwa. Da suka hayayyafa, 'ya'yansu maza suka fito da raunin, jikoki ma haka, har tsatso na huɗu, kuma ta wajen uba abin yake bi. Adalci ne a faɗa cewa an ba ɓerayen magani mai yawan da mutum ba ya gamuwa da irinsa a gona, kuma wasu masanan da suka maimaita gwajin ba su sami sakamako iri ɗaya ba, shi ya sa har yau ana muhawara a kan iya nisan da abin ke kaiwa a jikin ɗan Adam. Amma an fara ganin sawunsa a mutane. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, inda ake fesa DDT a ɗakuna don yaƙi da sauro, binciken 2007 ya nuna samarin da suka fi yawan maganin a jini sun fi raunin maniyyi. A 2024 masana daga Kanada da Jami'ar Pretoria suka duba maniyyin mazan yankin tare da na mutanen Girinlan, can ƙasar ƙanƙara, waɗanda ba sa fesa DDT amma yake isa gare su ta kitsen namun teku. A duka wuraren biyu sun ga alamomin nan sun sauya gwargwadon yawan maganin a jini, kuma a wuraren da suka shafi ginin ɗan tayi.

Irin waɗannan magunguna masu daɗewa a ƙasa da kitsen jiki ba baƙi ba ne a wajenmu. A 1954, lokacin Birnin Kabi na cikin Lardin Sakkwato, an fara wani babban shirin gwaji na fesa DDT da dieldrin da BHC a ɗakunan kwana na yankin, kuma kafin a cika shekara 2 sauron garin Ambursa ya daina jin dieldrin. Don ceton rai daga zazzaɓi aka yi, ba na zargin kowa. Gamalin ma, da aka daɗe ana zubawa a ruwa don kama kifi, ɗan gidan BHC ne, sai a 2009 aka sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana.

Wanda duk wannan ya yi masa nisa, ya dubi Zamfara, wadda har 1996 jiha ɗaya muke da ita. A Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da sabbin kaburburan yara birjik a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Iyaye maza ne ke kawo duwatsun zinariya gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar kuwa cike take da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa. Dalma tana lalata ƙwayoyin haihuwar namiji, wannan sananne ne tun daga ma'aikatan masana'antun batir. Tana kuma maƙalewa a ƙashi shekaru da dama, sai mace ta ɗauki ciki ko tana shayarwa, jiki ya jawo sinadarin ƙashi don gina jariri, dalmar ta biyo. Yarinyar da take shekara 3 tana wasa a ƙurar da mahaifinta ya kawo a 2010, yau ta isa aure. Ga hanya nan a fili daga buhun kaka zuwa jinin jika. Samarinmu masu tafiya cin rani wuraren haƙar zinariya, da masu gyaran batir da masu walda, duk maganar ta shafe su: kayan aiki da ƙurarsu su tsaya a wurin aiki.

Ba zan ce wa manomi ya bar feshi ba. Wake in ba a fesa ba ƙwari ke cinye shi tun yana fure, kuɗin 'yan ƙwadago kuma ya sa maganin ciyawa ya zama dole ga mutane da yawa. Na kuma san rigar leda a zafin da ke haura digiri 40 azaba ce, shi ya sa nasihar da ake karantowa daga takarda ba ta zama. Amma abin da ya fi yawa a kariyar nan ba ya cin kuɗi. Robar murfi da sabon tiyo ba su kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba, ko buhun leda aka shimfiɗa tsakanin baya da tanki ya rage. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska na bayan mutum. Lokacin haɗawa ne maganin ya fi kauri, don haka a dama da sanda, kada a sa hannu, kuma in bakin feshi ya toshe a sa tsinken ciyawa, kada a hura da baki. Goro da sigari su jira sai an wanke hannu. A ware riga da wando na feshi, a yi wanka da sabulu kafin a shiga cikin iyali, mai feshin ya wanke kayansa da kansa, kada ya miƙa wa matar da wataƙila tana da ƙaramin cikin da ita ma ba ta sani ba tukuna. Robar da ta ƙare a huda ta, don kada ta koma ta man gyaɗa ko ta ruwan sha. Ajiyar wake kuwa, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ya shigo yankinmu da Nijar tun wajen 2007, yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba. Yawan maganin da ake zuba wa wake ne ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu a 2015. Abin da suka ƙi karɓa, mu da 'ya'yanmu muke ci.

Masu shagon maganin gona suna da babban rabo a nan, domin su ne malaman gona na gaskiya a ƙauye, abin da suka faɗa shi ake yi. Wanda ya sayar da kwalba ya ƙara da minti ɗaya na bayani. Limamai da masu unguwanni, da suka taimaka har gwajin jini kafin aure ya fara zama abin da aka saba, za su iya sa baki a wannan ma.

Kai kuma ɗan'uwa da gidanka ya yi shiru shekara biyu ko uku, kafin a sake ɗora wa baiwar Allah nan wani ƙoƙon jiƙo, kafin ka saurari masu cewa ka ƙaro wata, ku shirya ku je asibiti tare. Gwajin maniyyi ba allura, ba tiyata, kuma ana yinsa a Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da wasu wuraren. Idan likita ya tambaye ka sana'arka, kada ka tsaya a "noma". Gaya masa shekara nawa ka yi kana feshi, da sunan magungunan da ka fi amfani da su.